BABI NA UKU: RA'AYIN JAMA'A KAN SIYASAR ƘASA DA AL'AMURAN ZAMANTAKEWA A RIJIYAR LEMO DA FAGGE DA SABON GARI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda mazauna unguwannin Rijiyar Lemo da Fagge da Sabon Gari, waɗanda dukkansu suke cikin Ƙaramar Hukumar Fagge ta Jihar Kano, suke kallon siyasar ƙasa da kuma wasu al'amura da suka shafi zaman jama'a. Za a duba wuraren da ra'ayi yake tsira, da hanyoyin da ake bi wajen furta shi, da kuma irin kalmomin da ake adana shi a cikinsu. Abin da wannan babi yake son nunawa shi ne, mutanen waɗannan unguwanni bakinsu yakan zo ɗaya idan magana ta shafi aljihu, amma sukan rabu idan aka zo batun wanda zai shugabanci ƙasa, ko kuma batun da ya taɓa addini. Sakamakon zaɓe kuwa rabuwar kawai yake fitowa da ita fili. Saboda haka mai nazarin da ya dogara da alƙaluman Hukumar Zaɓe su kaɗai, rabin labarin zai ji.

3.1 Ma'anar Ra'ayin Jama'a

Kalmomin "ra'ayi" da "jama'a" da "siyasa" duka ukun Bahaushe ya aro su ne daga Larabci. Ra'ayi shi ne ganin mutum game da wani abu, wato matsayin da ya ɗauka a kansa bayan ya auna shi da hankalinsa ko da zuciyarsa. Idan aka ce ra'ayin jama'a kuwa, ana nufin matsayin da ya rinjaya a tsakanin mutanen wani wuri a kan wani al'amari da ya shafe su baki ɗaya. Ita kalmar siyasa, kafin zuwan jam'iyyu, ma'anarta a bakin Bahaushe ita ce lallashi da iya tafiyar da mutane cikin dabara, shi ya sa har yanzu akan ce wane ya iya siyasa ko da bai taɓa shiga jam'iyya ba.

A wasu ƙasashe auna ra'ayin jama'a sana'a ce mai zaman kanta. A Amurka, George Gallup ya kafa cibiyarsa ta jin ra'ayi tun a 1935. A Ostiraliya kuwa doka ta wajabta wa ɗan ƙasa jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya tun daga 1924, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 na masu rajista sukan fita, don haka sakamakon zaɓensu kusan hoton ra'ayin ƙasar ne. A Nijeriya akwai cibiyoyi irin su Afrobarometer da NOI Polls da suke yin irin wannan aiki, sai dai bincikensu na ƙasa baki ɗaya ne, ba ya saukowa har ya bambanta mazaɓa da mazaɓa. Bisa ga haka, wanda yake son sanin ra'ayin unguwa dole ya haɗa abubuwa uku: abin da ake faɗa da baki, da abin da aka dangwala a rumfar zaɓe, da kuma abin da ya fito da mutane kan titi.

3.2 Yankin da Mazaunansa

Ƙaramar Hukumar Fagge tana da mazaɓu goma, kuma a ƙidayar 2006 an samu mutane kimanin 200,000 a cikinta. Ƙarama ce a fili, amma a cikinta manyan kasuwannin Kano irin su Kantin Kwari da Singa da Kasuwar Sabon Gari, wadda aka raɗa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, suke. Mutanen da suke wuni a cikinta sun ninka waɗanda suke kwana.

Fagge ita ce tsohuwa a cikin unguwannin uku. Ana danganta kafuwarta da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), a matsayin zangon fatake da Buzaye masu raƙuma a bayan ganuwa. Tun asali ke nan masaukin baƙi ce, kuma mutanenta sun saba da cuɗanya da wanda ba nasu ba. Sabon Gari kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka yanka ta a wajejen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, domin saukar da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin ƙasar nan da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, nesa da mutanen Birni. Sunayen titunanta, kamar titin Ibo da titin Yoruba da titin Enugu, sun isa shaida.

Rijiyar Lemo ita ce ƙaramarsu a shekaru. Tana kan titin Katsina, gaba da Kurna, kafin a kai Bachirawa da Mil Tara da kasuwar hatsi ta Dawanau. Ta cika ne da mutanen da Birni da Fagge suka yi wa kaɗan, da kuma waɗanda suka taso daga ƙauyuka da jihohin maƙwabta neman abinci. Galibinsu Hausawa ne Musulmi, ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da direbobin a-daidaita-sahu da leburori da ƙananan ma'aikata. Abin lura a nan shi ne, da yawa daga magidantan Rijiyar Lemo a Kwari ko Singa ko Sabon Gari suke neman abincinsu. Yaron shago ɗan Rijiyar Lemo yana iya wuni da maigidansa Ibo tun safe har la'asar, su ci riba ɗaya, su yi asara ɗaya, sannan da yamma kowa ya koma unguwarsa ya shiga wata hirar daban.

3.3 Wuraren da Ra'ayi Yake Tsira

Wuri na farko shi ne majalisa. Majalisa a nan ita ce dandalin da abokai suke taruwa kullum a ƙofar gida ko bakin shago, yawanci bayan sallar la'asar ko bayan isha'i, a kan benci ko tabarma. Kowace majalisa tana da mutumin da ake sauraro, ko don shekarunsa, ko don karatunsa, ko don shi ne yake biyan kuɗin shayi. Ra'ayin irin wannan mutum yakan zama ra'ayin majalisar, sai dai kusan kowace majalisa tana da ɗan adawarta, wanda ake ajiye shi musamman domin hira ta yi armashi. Teburin mai shayi shi ma majalisa ce, amma ta kowa da kowa, domin baƙo yana iya zama ya tsoma baki ba tare da an tambaye shi daga ina yake ba. Haka nan cikin a-daidaita-sahu, daga Rijiyar Lemo zuwa 'Yankura, fasinjoji uku da ba su san juna ba suna iya tsige shugaban ƙasa su naɗa wani kafin a sauka.

A Sabon Gari kuwa, abin da ya yi daidai da majalisa shi ne taron ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda akan yi ranar Lahadi bayan an taso daga coci, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na layi-layi, da wuraren shaƙatawa na dare. Ga kuma shugabannin al'umma, wato Sarkin Ibo da Sarkin Yarabawa, waɗanda ta bakinsu gwamnati da masarauta suke jin koken mutanensu. Bambancin da ke akwai shi ne, ƙungiyar 'yan gari tana da rajista da kuɗin wata-wata da shugabanni zaɓaɓɓu, don haka idan ta ɗauki matsayi takan ɗauke shi da murya ɗaya, ba kamar majalisa ba wadda ba ta da littafi.

Wuri na biyu, wanda a ganin mai wannan nazari ya fi kowanne tasiri a Rijiyar Lemo da Fagge, shi ne rediyo. Bahaushe ya daɗe da sabawa da sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, da na Muryar Jamus da Muryar Amurka, kuma ta nan ne mai sayar da goro yake sanin abin da ake ciki a Gabas ta Tsakiya. Amma gidajen rediyon cikin gida na gwamnati ne, sai abin da mai mulki yake so. Buɗe gidan rediyon Freedom a 2003 shi ya sauya wannan tsari a Kano. Shirye-shirye irin su "Kowane Gauta" da "Inda Ranka" sun ba talaka damar jin muryar ɗan'uwansa talaka tana sukar gwamna da sunansa. Daga baya gidaje irin su Rahma da Dala da Express da Arewa suka biyo sahu. A nan ne aka samu rukunin mutanen da ake kira "sojojin baka", wato masu shiga rediyo su kare ubangidansu na siyasa, su kuma yi wa abokin hamayyarsa zambo da habaici. Da yawansu biyansu ake yi, kuma masu sauraro sun san da haka. Duk da haka ana sauraronsu, domin abin da ake nema a wurinsu shi ne gwanintar harshe, kuma kalmar da sojan baka ya ƙirƙira da daddare, da safe za a ji ta a bakin 'yan kasuwar Kwari. Mutanen Sabon Gari ba su cika bin waɗannan shirye-shirye ba. Sun fi karkata ga jaridun Legas da tashoshin talabijin na Turanci da shirye-shiryen Turancin buroka, wanda hakan yake nufin unguwanni biyu da titi ɗaya ya raba suna iya kwana da labari iri biyu a kan abu ɗaya.

Sai kuma mumbari, na masallaci da na coci. Misali ɗaya ya isa a nuna ƙarfinsa. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta bayyana shirin gina dandalin shirya finafinai a Kofa ta Ƙaramar Hukumar Bebeji, a kan kuɗi kimanin naira biliyan uku. Malamai suka yi ca a kansa a huɗubobi da wuraren karatu da rediyo, kuma cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye. Ba a yi ƙuri'a ba, ba a yi zanga-zanga ba, amma ra'ayin ya yi aikinsa.

A shekarun baya-bayan nan wayar hannu ta shigo, da Facebook da WhatsApp da TikTok. Ba ta kashe majalisa ba, sai ma ƙara mata abin hira da ta yi, don kuwa yanzu saurayi ɗaya ne zai kunna faifan murya, mutum goma su saurara, a yi ta gardama a kan ko na gaskiya ne.

3.4 Ra'ayi Kan Siyasar Ƙasa

Tarihin siyasar Arewa ba zai cika ba sai an ambaci wannan yanki. A Sabon Gari ne wasu matasa takwas suka zauna ranar 8 ga Agusta, 1950 suka kafa jam'iyyar NEPU, kuma a cikinsu akwai Abba Maikwaru da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta da Bello Ijumu, wanda Bayerabe ne ɗan ƙasar Kabba. Daga baya Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, ta kuma ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Wato tun farko akwai wata igiya da ta ɗaure talakan Fagge da baƙon Sabon Gari, ita ce adawa da mulkin En'e.

Amma shekara uku kacal bayan haka, a watan Mayu na 1953, aka yi kwana huɗu ana faɗa tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu a kan iyakar Fagge da Sabon Gari. Musabbabinsa kuwa maganar da aka yi ce a Legas, wato ƙudurin da Anthony Enahoro ya gabatar na neman mulkin kai a 1956, da ihun da aka yi wa wakilan Arewa saboda sun ƙi amincewa, da kuma rangadin da S. L. Akintola ya shirya kawowa Kano. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. A 1966 abin ya fi haka muni, har Ibo suka bar Sabon Gari, ba su dawo da yawa ba sai bayan ƙarewar yaƙin basasa a 1970. Waɗannan abubuwa guda biyu, wato ƙawancen 1950 da faɗan 1953, su ne fuskoki biyu na ra'ayin wannan yanki, kuma har yau kowacce takan leƙo a lokacinta.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu, musamman a jaridun Kudu, cewa mutumin Kano ɗan'uwansa kawai yake zaɓa. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ɗari bisa ɗari ba. A zaɓen 12 ga Yuni, 1993, Alhaji M. K. O. Abiola na SDP ya kayar da Alhaji Bashir Tofa na NRC a Jihar Kano, alhali Tofa ɗan Kano ne. A 1999 ma Olusegun Obasanjo ne ya lashe jihar. Daga 2003 ne al'amarin ya sauya, lokacin da Janar Muhammadu Buhari ya shiga takara. Sau biyar ya tsaya, sau biyar Kano ta ba shi, kuma a 2015 ya samu ƙuri'a 1,903,999, shi kuwa Goodluck Jonathan ya samu 215,779. Dalilin da aka fi ji a majalisu a wancan lokaci shi ne gaskiya da tsaro. Ba abin mamaki ba ne, idan aka tuna harin 20 ga Janairu, 2012 wanda ya ci rayuka fiye da 180 a cikin birnin Kano, da bam ɗin da ya tashi a tashar motocin New Road ta Sabon Gari ranar 18 ga Maris, 2013. Tsoro ɗaya ne ya kama unguwannin uku, amma maganin da kowa ya hango daban ne: ɗan Rijiyar Lemo ya ga sai an canja shugaba, da yawa daga mutanen Sabon Gari kuwa suka tattara iyalansu suka tafi gida kafin ranar zaɓe, saboda tuna rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011.

Zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023 shi ya fi fito da rabuwar a sarari. A jihar baki ɗaya Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu ƙuri'a 997,279, Bola Tinubu na APC 517,341, Atiku Abubakar na PDP 131,716, sai Peter Obi na LP da 28,513. Wannan adadi na Obi bai kai kashi 2 cikin 100 ba. To amma kimanin rabinsa daga Ƙaramar Hukumar Fagge kaɗai ya fito, inda Obi ya zo na biyu, a gaban Tinubu da Atiku. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane cewa akwatunan Sabon Gari ne suka kawo haka, kamar yadda akwatunan Rijiyar Lemo da Kwaciri da cikin Fagge suka rinjayar da jimillar zuwa ga Kwankwaso. Abin da ya kamata a lura da shi, wanda masu sharhi ba su cika kulawa da shi ba, shi ne ɓangarorin biyu duk sun juya wa manyan jam'iyyu biyu baya ne a rana ɗaya, a tsakiyar wahalar canjin kuɗi da ta hana kowa ciniki. Fushinsu ɗaya ne, amma kowa ya zuba shi a akwatin wanda yake gani nasa ne.

3.4.1 Kalmomin da Suka Adana Ra'ayi

Ga ɗalibin harshe, babu inda ra'ayin jama'a yake barin sawu kamar cikin kalmomi. A Jamhuriya ta Biyu, da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu a 1980, sai aka kira ɓangaren Gwamna Abubakar Rimi "santsi", ɓangaren Malam Aminu Kano kuma "taɓo". Ko a sunayen akwai hukunci: ɗaya yana kwashe ƙafar mutum ya kai shi inda bai nufa ba, ɗaya kuma yana riƙe ta ya hana ta motsi. Da Rimi ya koma NPP ya yi takara a 1983, abokan hamayyarsa sun yi amfani da cewa jam'iyyar Azikiwe ce, kuma Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi.

"Ta-zarce" ta samo asali ne daga yunƙurin Janar Sani Abacha na ci gaba da mulki a 1998, yanzu kuma ta zama sunan duk wani neman wa'adi na biyu. "A kasa, a tsare, a raka" umarni ne ga mai zaɓe da kada ya bar rumfa sai an ƙirga, ya kuma bi akwati har wurin tattara sakamako, wanda yake nuna rashin yarda da hukuma ƙarara. "Sak" ita ce zaɓen jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, kishiyarta kuma "wake da shinkafa", wato a zaɓi shugaban ƙasa a wata jam'iyya, gwamna a wata. Kano ta yi wake da shinkafa a 2011, inda ta ba Buhari na CPC ƙuri'ar shugaban ƙasa, ta ba Kwankwaso na PDP ta gwamna. Daga zaɓen gwamna na 2019 aka samu "inkonkulusib", kalmar Turanci da ta shiga Hausa da sabuwar ma'ana, domin a bakin mutanen Kano tana nufin a ƙwace wa mutum abin da ya riga ya ci. "Zaɓen tumun dare" kuwa ita ce kalmar nadama, kuma an yi ta jin ta tun kafin wa'adin farko na Buhari ya ƙare, daga bakin mutanen da suka yi masa "sak".

3.5 Ra'ayi Kan Al'amuran Zamantakewa

Batun da ya fi raba unguwannin shi ne na shari'ar Musulunci da aikin Hisba. An ƙaddamar da shari'a a Kano a watan Yuni na 2000, bisa matsin lambar jama'a, sannan aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau. A Rijiyar Lemo da Fagge da wuya a samu mai fitowa ya ce ba ya son shari'a. Sukar da ake yi ita ce ta aiwatarwa, wato a kan talaka take ƙarewa. Ana kuma yaba wa Hisba a kan sasanta ma'aurata da auren zawarawa da aka fara a 2012. A Sabon Gari kuwa, abin da aka fi sanin Hisba da shi shi ne kama motocin giya da farfasa kwalabe, kuma hujjar da akan kawo ita ce jihar tana karɓar kasonta na harajin kayayyaki daga asusun tarayya, wanda kuɗin giya yana ciki. Kowane ɓangare yana ganin maganarsa a fili take, har yana mamakin yadda ɗayan ya kasa ganewa.

Batun allurar rigakafi ya nuna yadda abin da ya faru a unguwa yake zama ra'ayin jiha. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke wannan ƙaramar hukuma. Yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu kuma suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo haka, iyaye kuma suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka zo rigakafin shan inna a 2003, jita-jitar cewa maganin yana hana haihuwa ta samu wurin zama cikin sauƙi, gwamnatin jihar ta dakatar da shi har zuwa watan Yuli na 2004, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Binciken masana bai tabbatar da jita-jitar ba, kuma yaran da suka shanye a sanadiyyar ƙin allurar su ne suka biya bashin. Sai dai wanda ya kira iyayen jahilai kawai, ya manta cewa asibitin da abin ya faru a cikin unguwarsu yake. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba, aka riƙa ɗiga wa 'ya'yan manya a bainar jama'a, sannan ra'ayin ya juya, har aka tabbatar da kawar da cutar daga Nijeriya a 2020.

Idan aka zo batun tsadar rayuwa kuwa, a nan ne bambancin yake ɓacewa. A Janairun 2012, da gwamnatin Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, kasuwannin yankin duka suka rufe, har sai da aka mayar da ita 97. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin a jawabinsa na kama aiki, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Mai shagon kayan gyaran mota a Sabon Gari da direban a-daidaita-sahu na Rijiyar Lemo magana ɗaya suke yi a kan wannan, ɗaya da Turancin buroka, ɗaya da Hausa. Haka abin yake a kan wutar lantarki, da yawan haraji a kasuwa, da gobarar da ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, da shaye-shayen matasa, da faɗan daba, da ƙwacen waya wanda ya hana mutanen Kurna da Rijiyar Lemo sakewa da daddare.

Duk da haka, ko a nan akwai wani abin dubawa. A zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara ranar 1 ga Agusta, 2024, wadda ta kai ga fashe-fashe da dokar hana fita ta awa 24 da ɗaga tutar Rasha a titunan Kano, matasan unguwannin Hausawa ne suka cika titi. 'Yan kasuwar Sabon Gari galibi rufe shagunansu suka yi suka tsaya gadinsu. Farashin bai yi musu daɗi ba su ma, amma 1953 da 1966 da rikicin Oktoban 1991 sun koya musu cewa taron da ya fara da maganar gwamnati yana iya ƙarewa a ƙofar shagonsu.

3.6 Waɗanda Ba a Jin Muryarsu

A zaɓen 2023 mutane fiye da miliyan 5.9 ne suke da rajista a Jihar Kano, amma ƙuri'un da aka ƙirga a zaɓen shugaban ƙasa kimanin miliyan 1.7 ne, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Rukunin da ya fi kowane ɗan takara yawan mutane shi ne na waɗanda suka zauna a gida. Wasunsu sun yi rajista ne don katin ya zame musu shaida a banki, wasu sun ƙaura, wasu suna tsoron 'yan daba a rumfa, wasu kuma, musamman bayan 2019, sun yanke cewa ko sun zaɓa ba shi za a ba su ba. Wannan ma ra'ayi ne, ko da yake babu akwatin da ake jefa shi.

Sai kuma mata. Matan Arewa ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a 1976, amma a yau duk wanda ya zagaya rumfunan Rijiyar Lemo ranar zaɓe zai ga layinsu yakan kai na maza tsawo, wani lokaci ya fi. Ba sa zama a majalisa, ba sa zuwa teburin mai shayi, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke bugo waya a shirin siyasa. Nasu ra'ayin a gidan biki da makarantar Islamiyya da wurin zubin adashi yake ƙulluwa, kuma sun fi maza sauraron rediyo, tun da tana kunne a tsakar gida tun safe. 'Yan siyasa sukan ɗauka cewa da taliya da sabulu da turmin atamfa an gama da su, maza kuma sukan ɗora musu laifin duk zaɓen da bai yi kyau ba. Amma mace ita take auna abin da kuɗin cefane zai iya saya, ita take kai yaro asibiti, ita ta san ranar da aka koro shi daga makaranta. A watan Fabrairu na 2024, wata shida kafin matasa su fito, mata masu yin gurasa ne suka fara hawa titi a Kano saboda tsadar fulawa.